Dalilin da ya sa ake sauya saƙon gargaɗi a manhajojin ofis

Ma'aikacin da ya saba danna "OK" dare da rana, wata rana zai goge bayanan albashi ba tare da ya karanta gargaɗin da ya fito a allon kwamfutarsa ba. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Akwatin da umarnin confirm na JavaScript ke fitarwa, burauza ce ke tsara shi; mai gina manhaja ba ya iya sauya launinsa ko rubutun maɓallansa.

Shi ya sa kamfanoni ke ƙera nasu akwatin, musamman tun 2022 da Firefox da Safari suka bi sahun Chrome wajen karɓar alamar dialog ta HTML. Da ita ana iya rubuta "Goge albashin watan Maris" a jan maɓalli, da Hausa ma idan an so.