Tsibiran Chagos: An Yarda a Mayar da Ƙasa, Masu Ita Suna Waje

A watan Mayun 2025 Birtaniya ta sanya hannu kan yarjejeniyar miƙa tsibiran Chagos ga Mauritius, bisa sharaɗin za ta ci gaba da riƙe Diego Garcia, mafi girmansu, a matsayin hayar shekara 99, saboda sansanin sojan da take da shi a can tare da Amurka. Mutane da yawa sun yi murna, suna ganin an sake karya lagon mulkin mallaka, kuma suna da hujja. Sai dai wanda ya bi diddigin lamarin zai ga cewa gwamnatoci ne suka ci riba, talakawan da aka zalunta kuwa har yanzu suna bakin ƙofa.

Asalin rikicin a 1965 yake. Saura shekara uku Mauritius ta samu 'yancin kai, sai Birtaniya ta yanke tsibiran daga jikinta, ta biya fam miliyan 3, alhali ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1514 na 1960 ya hana a yayyaga ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Daga 1968 zuwa 1973 aka kwashe mazauna wurin kaf, mutum 1,500 zuwa 2,000, galibinsu jikokin bayin da aka kawo aikin gonakin kwakwa. An tara karnukansu aka kashe da hayaƙi, aka loda su kansu a jirgin ruwa da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka, aka juye su a bakin tashar Port Louis da Seychelles. Don a kauce wa tuhuma, London ta riƙa cewa ai 'yan ƙwadago ne masu zuwa su koma, alhali kaburburan kakanninsu na nan a tsibiran.

Abin da ya tanƙwara Birtaniya bayan rabin ƙarni shi ne shari'a da yawan ƙuri'a. A Fabrairun 2019 Kotun Duniya, da rinjayen alƙalai 13 kan 1, ta ba da ra'ayin cewa yankewar ta saɓa doka. Bayan wata uku Babban Zauren Majalisar ya goyi bayan haka da ƙuri'a 116 kan 6, ƙasashen Afirka suna kan gaba. Ra'ayin kotun ba na tilas ba ne, amma ya riƙa cin Birtaniya a hankali kamar gara, har ta kai a 2021 hukumar gidajen waya ta duniya ta daina amincewa da kan sarkin da ake bugawa da sunan yankin. Ƙasar da ke wa Rasha wa'azin mutunta iyaka ba za ta daɗe tana toshe kunne ga wannan ba.

Masu adawa da yarjejeniyar suna cewa an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba: gobe Ajantina za ta taso kan Falkland, Sifaniya kan Gibraltar, Komoros kan Mayotte. Wannan tsoron bai da ƙarfi sosai, domin a waɗancan wurare an tambayi mazauna. A ƙuri'ar raba gardamar Falkland ta 2013, mutum uku kacal suka ce a rabu da Birtaniya. Kwatancin ma kan Birtaniya yake komawa: idan muradin 'yan tsibiri shi ne hujjarta a Falkland, me ya hana ta tambayi 'yan Chagos kafin ta kore su?

Ƙorafin da ya fi nauyi daga bakin 'yan Chagos ɗin kansu yake fitowa. Da yawansu, musamman waɗanda ke zaune a Crawley a Ingila, sun ce ba a sa su cikin tattaunawar ba, kuma Mauritius, mai nisan kusan kilomita 2,000 daga tsibiransu, ita ce inda iyayensu suka sha talauci da wariya. A nan dokoki biyu ke karo: ta kiyaye iyakokin da aka gada daga Turawa, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, da ta barin jama'a su zaɓa wa kansu makoma. Kotu ta ɗauki 'yan Chagos a matsayin wani ɓangare na al'ummar Mauritius. 'Yan Najeriya sun san ɗacin irin wannan, domin hukuncin Bakassi na 2002 tsoffin yarjejeniyoyin Turawa ya bi, masuntan yankin kuwa ba a nemi jin ta bakinsu ba.

Ban ga laifin hukuncin kotu ba, domin da an halatta yankewar 1965, da an ba kowace babbar ƙasa lasisin gutsurar abin da take so kafin ta tafi. Laifin yana ga yadda aka aiwatar da shi. Yarjejeniyar ta yarda Mauritius ta tsugunar da mutane a ƙananan tsibiran, ta kuma tanadi asusun fam miliyan 40 domin 'yan Chagos, amma ta bar Diego Garcia, inda aka binne cibiyar mutane da yawa daga cikinsu, a rufe gare su har tsawon shekara 99.