Dunhuwang, jahar bakin hamada ta daular Han

A yammacin ƙasar Sin, ƙarshen wata doguwar hanya da ta ratsa tsakanin duwatsu da hamada, akwai wani gari da ake kira Dunhuwang. Ruwan saman da ke sauka wurin bai cika wuce milimita 40 ba a shekara. Da ba don wani kogi da ke gangarowa daga ƙanƙarar duwatsu ba, da babu mahalukin da zai zauna can. Amma nan ne daular Han ta kafa jaharta ta bakin iyaka, yau fiye da shekara 2000 ke nan.

Da can ƙasar tana hannun Shiyongnu, makiyaya mahaya dawaki da suka daɗe suna kai wa Sinawa hari. A shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Sarki Wu ta ci su da yaƙi, har ɗaya daga cikin sarakunansu ya yi mubaya'a da mutane wajen dubu 40. To, cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Sai hukuma ta raba yankin jaha huɗu, aka ba Dunhuwang tsaron ƙofofi biyu, Yumen da Yang, ta inda ayari ke fita zuwa ƙasashen yamma.

Abinci shi ne babban matsala, domin ɗauko hatsi daga tsakiyar daula ya fi ƙarfin baitulmali. Saboda haka aka kwaso matalauta da waɗanda shari'a ta kora, aka yanka musu gonaki, aka haƙa magudanun ruwa, sojoji kuma suka haɗa gadi da noma. Aka gina ganuwa ta ƙasa da kara, da jerin hasumiyoyi: in an hango abokan gaba da rana a tada hayaƙi, da dare a kunna wuta. Ƙidayar shekara ta 2 bayan haihuwar Annabi Isa ta sami gida 11.200 da mutum 38.335 cikin gunduma 6. Ƴan kaɗan ne, in an dubi nauyin da aka ɗora musu.

Bakin iyaka ba wurin wasa ba ne. A shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa aka tura Janar Li Gwangli Fargana neman dawaki. Yunwa ta cinye rundunarsa, ya komo Dunhuwang da ɗan abin da ya rage. Sarki ya fusata, ya aiko a tare ƙofar Yumen, duk sojan da ya ƙetare ta a sare shi.

Abin da ya fi ban mamaki, aikin magatakardan jahar. Daga 1990 zuwa 1992 masana sun tono wani tsohon zangon manzanni a gabashin garin, suka sami ƴan alluna na itace fiye da dubu 20 ɗauke da rubutu. Komi an rubuta: wasiƙar da ta shigo da lokacin isowarta, dokin da ya mutu, har kajin da aka yanka wa baƙi. A ciki akwai ƙarar da jakadun ƙasar Kangju suka kai a shekara ta 39 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun ce sun kawo wa sarki raƙuma farare masu ƙiba, amma ma'aikatan wata jaha ta gaba suka yi musu kuɗi a bayan idonsu, suka rubuta su ramammu masu ruwan ɗorawa. Daga babban birni aka aiko da umurni a bincika. Raƙuma ƙalilan ne, amma hukuma ta san in baƙo ya koma gida da labarin zalunci, hanya ce za ta mutu.

Bayan faɗuwar daular Han garin ya yi ta canza hannu. A 366 aka fara sassaƙa kogunan ibada na mabiya Buda a wani dutse kusa da shi. Mutanen Tibet sun riƙe shi har 848, sa'ad da wani ɗan gari, Jang Yicawo, ya kore su. A 1524 daular Ming ta rufe ƙofar Jiyayu, can gabas, ta bar Dunhuwang a waje. Gonaki suka koma makiyaya, sai bayan shekara wajen 200 daular Cing ta sake kwaso manoma ta zaunar da su bakin kogin.