Montelimar, Garin Da Alewa Ta Yi Wa Suna

A Faransa, in aka ambaci Montelimar, kowa ya san alewa ake nufi. Gari ne matsakaici a kwarin kogin Rhone, kudu da birnin Lyon da kimanin kilomita 150, mazaunansa wajen dubu arba'in. Ba shi da girman Zariya, balle Kano. Amma alewar da suke kira "nuga" ta kai sunansa inda ƙafar mutanensa ba ta taka ba. Wannan ne ya sa na ware yini biyu na sauka a can, don in ga yadda abin zaƙi ke riƙe gari.

Garin tsoho ne. A kan tudun da ke tsakiyarsa akwai fadar dutse ta gidan sarautar Adhemar, wadda aka gina a ƙarni na 12, kuma daga sunan gidan ne garin ya samo nasa. Na hau, na hango rufin jan tubali da tsaunukan Ardeche a ƙetaren kogi, na sauko. Gaskiya ba fadar ke kawo baƙi ba. Abin da ke kawo su yana ƙasa, a kantunan da suka jeru a babban titin da bishiyoyi suka yi wa rumfa.

Nuga 'yar'uwar alewarmu ce ta nesa, fara tas, mai danƙo. Na shiga masana'antar Arnaud Soubeyran, wadda aka kafa a 1837, inda baƙo ke tsayawa bayan gilashi ya kalli aikin. Ana narkar da zuma a tukunyar tagulla bisa tururin ruwa, a zuba farin ƙwai da aka kaɗa ya yi kumfa, a yi ta juyawa har ruwan zumar ya ragu. Sai a kawo sukarin da aka dafa daban a haɗa. Zafin da sukarin ya kai shi ke sa alewar ta fito da taushi ko da tauri. A ƙarshe a zuba gasassun 'ya'yan almon, waɗanda suka fi gyaɗa tsawo, da ɗan fistashiyo da ƙamshin banila, a juye a faranti tsakanin wani siririn ɓawon gari mai kama da takarda, a bar ta ta huce kafin a yanka. Ba a gaggawa. Duk wanda ya taɓa ganin mata na tuƙa nakiyar biki zai gane irin haƙurin da ake bukata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ma'auni. Ba kowace farar alewa ke cin sunan garin ba. Sai almon ya kai kashi 30 cikin ɗari, ko 28 da fistashiyo kashi 2, kuma zuma ta kai kashi 25 cikin ɗari na kayan zaƙin da aka zuba. A Nuwamban 2024 Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista, ta yadda wanda ya dafa tasa a wajen yankin ba shi da ikon laƙaba mata shi. Mu kuwa kowa ya shanya nama ya ce kilishi ne, kowa ya murza ƙulli ya ce dakuwa ce, mai gaskiya da mai algus duk farashi ɗaya. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara farga, domin sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi irin wannan rajista a hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka.

Mutanen garin suna jingina yaɗuwar itacen almon a yankinsu ga Olivier de Serres, masanin noma da ya rasu a 1619, wanda gonarsa ke can ƙetaren kogi. Suna kuma ba da labarin 1701, lokacin da jikokin Sarki Louis na 14 guda biyu suka ratsa garin a hanyarsu ta dawowa daga rakiyar ɗan'uwansu da aka naɗa sarkin Sifaniya, aka yi musu kyautar nuga mai yawa. Sai kuma Emile Loubet, wanda ya daɗe yana magajin garin kafin ya zama shugaban Faransa daga 1899 zuwa 1906. Shi ne ya mayar da alewar garinsu tsarabar manyan baƙin fadar gwamnati. Ɗan siyasar da ya tuna da sana'ar gida ke nan, ba da baki kawai ba.

Amma hanya ce ta yi wa nuga rana, ita ce kuma ta so kashe ta. Tun da aka ba ma'aikatan Faransa hutun shekara mai albashi a 1936, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da motoci suka yawaita, duk mai barin Paris zuwa bakin tekun Bahar Rum da rani sai ya bi hanya mai lamba 7, wadda ta ratsa tsakiyar Montelimar. Cunkoso kan tsayar da motoci sa'o'i, matafiyi ya gaji ya fito ya sayi alewa. Wahalar wani, kasuwar wani. A 1968 aka buɗe babbar hanyar A7 wadda ta kewaye garin, sai ciniki ya faɗi, kantuna da dama suka rufe. Waɗanda suka rage ba su zauna zaman makoki ba. Suka haɗa kai suka bi masu sayensu har zangon da motoci ke tsayawa shan mai a sabuwar hanyar, suka kafa kanti. Har yau wannan zango na cikin manyan wuraren da ake sayar da nuga. Ina tsaye a wurin sai na tuna da masu tallar da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja, da yadda jirgin ƙasa ya ɗauke musu fasinjoji, ba tare da wani ya yi tunanin ware musu rumfa a tasha ba.

Ba zan ce komai na garin ya burge ni ba. An cika wasu kantunan da alewa mai launi iri-iri, ta cakulan da ta lemo, wadda aka yi don idon ɗan yawon buɗe ido, kuma a bakina ba ta kama ƙafar farar ba. Almon ɗin ma da yawansa daga Sifaniya ko Amurka ake shigo da shi, domin gonakin yankin ba su isa ba. Masana'antun da suka rage ba su wuce goma sha ɗoriya ba, wasu har yanzu a hannun iyali, wasu sun koma hannun manyan kamfanoni. Mai son ta ainihi sai ya juya kwalin ya karanta ma'aunin da aka rubuta a baya kafin ya biya kuɗi, kuma ya nemi wadda aka yi da zumar furen labanda, wadda ƙamshinta ke daɗewa a baki bayan zaƙin ya wuce.