Yaƙi a Idon Mata Mawaƙa: Darasi daga Waƙoƙin Nana Asma'u

Gabatarwa

Idan aka yi zancen waƙar yaƙi a adabin Hausa, abin da yakan fara zuwa a zuciya shi ne kirarin mayaƙa, da zugar makaɗan fada, da waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja irin waɗanda Aƙilu Aliyu da takwarorinsa suka yi a lokacin yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970). Waɗannan duka daga fagen fama suke kallon yaƙi, ma'auninsu kuwa shi ne jarunta da nasara. Amma akwai wani kallon daga tsakar gida da kuma hanyar gudun hijira, wanda mata mawaƙa suka fi riƙo da shi. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wannan kallo ta hanyar waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793-1864), sannan a nuna amfaninsa ga mai nazarin waƙoƙin matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gidajensu.

Tushen kallon nata

Asma'u tana da shekara 11 ko kusa da haka aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Tana cikin jama'ar da ta ji daɗin nasarar Tabkin Kwatto, ta kuma ɗanɗana ɗacin Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan aka shiga ƙasar Zamfara cikin yunwa da ciwo, aka koma Gwandu a 1805, ba a sami sararawa ba sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808. Watau dai ta san yaƙi ne a matsayin yarinyar da take bin ayari, ana tashi ana sauka, ana binne na binnewa.

Hanyoyi uku na bayyana yaƙi

Hanya ta farko ita ce mayar da yaƙi tafiya. Waƙarta ta tarihin Shehu, wadda ta tsara da Fillanci a 1839 da sunan Filitago, ɗan'uwanta Isa kuma ya mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye, zango-zango take bin jama'a tana ambaton wuraren da aka yada zango. Sunan waƙar kansa ya nuna jigonta. Mai sauraro yakan ji gwabzawar da aka yi a matsayin mataki guda cikin doguwar tafiyar al'umma mai mata da yara da tsofaffi.

Hanya ta biyu ita ce marsiyya. Asma'u ta yi wa Abdullahi ɗan Fodiyo marsiyya a 1829, ta yi wa Muhammadu Bello a 1837, haka kuma mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'ishatu matar Bello. Abin lura shi ne, ko da yake Bello ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, abin da ta fi fitowa da shi a marsiyyarsa shi ne iliminsa da adalcinsa da tausayinsa ga masu rauni. Da ta zo siffanta nata rashin, sai ta ɗauko kamance daga tsakar gida, watau halin ɗan tsakon da ya rasa uwa. Wannan salo yana da magabata a adabin Larabci da ta karanta: Hansa'u, wadda ta yi zamani da Manzon Allah (S.A.W.), ta shahara ne da marsiyyoyin 'yan'uwanta Sakhru da Mu'awiya, waɗanda faɗan ƙabilu ya ci. A wurin mawaƙan nan biyu, wanda ya mutu mutum ne mai suna da hali, wanda ya bar giɓi a gida.

Hanya ta uku ita ce mayar da waƙa magani. Yaƙin jihadi ya bar zawarawa da marayu da kamammun mata masu jin Hausa, waɗanda da yawansu bori suka sani a matsayin mafaka idan hankali ya tashi. Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis, ta ba su malfa, su riƙa kawo mata daga ƙauyuka suna koyon waƙoƙinta suna komawa su koyar. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Ke nan a wurinta aikin mawaƙi yana ci gaba bayan an mayar da takobi kube.

Wani hanzari

Kuskure ne a ɗauka cewa mace mawaƙiya ba ta da ɓangare. A waƙarta ta Fillanci kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, Asma'u ta tsaya sosai a bayan Bello, ta yi murna da nasara. Matan Gobir da Maraɗi da suka yi takaba a wannan shekara suna da nasu kukan, amma alƙalami yana hannun Sakkwato. Wannan ya isa gargaɗi ga mai nazari: abin da ya iso a rubuce muryar masu ilimi da iko ce, muryar sauran kuwa a waƙar baka take zama, idan ba a taskace ta ba sai ta bi masu ita kushewa.

Kudancin Katsina

Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma da ƙasar Birnin Gwari. A watan Yuni na 2020 aka kai hari Kadisau ta ƙasar Faskari aka kashe mutane da dama. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Rahoton jarida yakan tsaya a kan adadi. Kwana shidan da uwa ta yi tana jiran ɗanta kuwa, waƙa ce ke iya ɗaukarsa.

Saboda haka mai neman muryar matan wannan yanki sai ya nufi inda mace Bahaushiya ta saba faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa a fili: waƙoƙin daka da niƙa da reno, da gaɗa ta 'yan mata, da amada, da waƙoƙin makarantun Islamiyya. Littafin Alƙalami a Hannun Mata (1983), wanda ya tara waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, ya nuna irin abin da akan samu idan aka je wurin matan da kansu. Hanyoyi ukun nan suna iya zama tambayoyin bincike: waɗanne garuruwa waƙa ta ambata a hanyar gudu, wa ta yi wa kuka kuma da wane hali ta tuna da shi, wace waraka take nema? Wajibi ne kuma a saurari matan ƙauye da matan ruga baki ɗaya, a sakaya sunan duk wadda faɗar sunanta zai jefa ta cikin haɗari.

Kammalawa

An ga cewa Asma'u ta bayyana yaƙi a matsayin tafiya, da rashi, da neman waraka, ba tare da ta ɓoye ɓangarenta ba. Waƙoƙinta sun tsira ne domin an rubuta su, 'yan taru kuma sun haddace, har Jean Boyd da Beverly Mack suka buga su a littafi guda a 1997. Waƙar daka ba ta da wannan gata, sai fa idan malamai da ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i sun ɗauke ta a faifai tun masu ita suna raye.