Ta Wane Fanni? Yadda Ake Koya wa Yara Kwatanta Abu da Abu

Tambayi 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, tsakanin Najeriya da Nijar wace ta fi girma. Kafin ka rufe baki aji ya ɗauka: "Najeriya!" Kada ka ce musu uffan. Ɗauki alli ka rubuta lambobi biyu a allo: faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768, na Nijar 1,267,000. Aji zai yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani mai baki daga bencin baya ya ce, "Ai Malam mu mun fi su yawa." Da gaskiyarsa, don mutanen Najeriya sun haura miliyan 200, na Nijar kuwa ba su kai miliyan 30 ba. To wa ya ci gardama? Babu, sai an fara amsa wata tambayar: ta wane fanni ake maganar girman, ƙasa ko jama'a?

Na daɗe ina cin alli a firamare da ƙaramar sakandare, a azuzuwan da yara huɗu ke matsuwa a benci ɗaya, kuma ban ga wata dabarar tunani da ake yawan tambayar yara a jarrabawa amma ba a koya musu ita ba kamar kwatantawa. Babu darasi mai wannan suna a jadawalin mako. Amma buɗe takardar jarrabawar kimiyya ko tarihi ko Hausa, za ka ga "kawo bambanci uku tsakanin kaza da kaza". Mu malamai sai mu rubuta bambancin a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Ranar da aka ba su abu biyu da ba a taɓa rubuta musu ba, ga irin amsar da ke fitowa: "Akuya tana da ƙaho. Kaza tana yin ƙwai." Duk maganganun gaskiya ne, amma ba a kwatanta komai ba. An auna akuya da mudu ɗaya, an auna kaza da wani daban.

Maganin da na fi amincewa da shi ba ya cin ko sisi. Yaro ya ja layi biyu a littafinsa, shafi ya rabu gida uku. Gidan tsakiya na akuya, na dama na kaza. Gidan farko shi ne na ma'auni, kuma malam ba ya cika shi, yara ne za su yi gumi su samo: yadda take haihuwa, abin da ya rufe jikinta, yawan ƙafafu, abin da take ci. Da zarar yaro ya rubuta "yadda take haihuwa", dole ya amsa wa dabbobin biyu, ba damar tsallake ɗaya. Akwai kuma zanen nan na da'ira biyu masu shiga juna, wanda wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Venn, ya fito da shi a 1880, littattafan malamai suna son sa ƙwarai. Yana da kyau wajen nuna inda abubuwa suka yi tarayya, sai dai yana barin yaro ya zuba "ƙaho" a nan, "ƙwai" a can, ya tafi abinsa. Ni sai an ƙware da gida uku nake kawo shi.

A lissafi, wurin da yara suka fi tuntuɓe shi ne sulusi da rubu'i. Sun ga 3 a ƙasan ɗaya, 4 a ƙasan ɗayan, sun san huɗu ta fi uku, shi ke nan rubu'i ya fi. Kawo karan dawa biyu masu tsawo ɗaya, a karya wannan gida uku, wancan gida huɗu, a jera gutsure da gutsure a kan tebur. Ido zai raba gardama. Kashegari kuma ka zo da dogon kara da gajere, ka nuna musu rubu'in dogon ya fi sulusin gajeren, su gano da kansu cewa kwatancin jiya ya tsaya ne saboda karan biyu tsawonsu ɗaya. Masu zuwa Islamiyya suna da wata ƙofar shiga: sun ji cewa matar mamaci tana samun rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari. Tambaye su a wane hali rabonta ya fi yawa, kuma me ya sa takwas ta ba da kaso mafi ƙanƙanta.

Sai lissafin kasuwa. Wannan mai lemo yana ba da 5 a naira 400, wancan 8 a naira 600. Wa ya fi araha? Ka lura da waɗanda ke fara ɗaga hannu. Sau da yawa 'yan matan da ke talla bayan an tashi ne, waɗanda ake ɗauka ba sa ja a lissafi. Sun san sai an koma kan kuɗin ƙwaya ɗaya, 80 a nan, 75 a can, ko da ba su san sunan abin a littafi ba.

Kimiyya ita ce gidan kwatanci, kuma a nan na fi son a daɗe. A shuka wake da masara a gwangwanayen madara, a ajiye a bakin taga. Cikin mako guda wake zai ɗago da ɓari biyu na ƙwayarsa a kai, masara kuwa ta soko tsinke ɗaya ta bar ƙwayarta a ƙasa. Bayan sun ɗan tasa a tuge su a wanke saiwa: ta wake uwa ɗaya ce mai 'ya'ya a gefe, ta masara tsintsiya ce. A ɗaga ganye a rana a dubi jijiyoyi, na wake raga, na masara layi-layi a jere. Duk abin da littafi ya jera a kan waɗannan rukunonin tsirrai biyu, yara sun riga sun taɓa shi da hannu.

Gwajin tulu da bokitin roba ya fi wannan koyar da adalci. A zuba ruwa a cikin kowanne da safe, a taɓa da azahar. Kowa ya san na tulu zai fi sanyi, don haka ba sakamakon ne abin nema ba. Ka yi gangancin ajiye tulun a inuwa, bokitin a rana, ka jira ka ga ko wani zai ce, "Malam, an yi son kai." Wanda ya faɗi haka ya kama zaren: ruwa iri ɗaya, yawa ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mazubi kaɗai ke canzawa. Daga nan sai a zo kan dalili, wato ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafi. A kan wannan hikimar ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Yara suna miƙewa zaune idan suka ji mutumin malamin makaranta ne, kuma daga nan kusa.

A darasin Hausa, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun dace da juna, tunda gasar rubutu ɗaya ta haife su, wadda aka shirya a 1933. Duka labarin doguwar tafiya ne. Amma Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da ƙafarsa ya fita nema, yana tafe suna sheƙe aya da Malam Zurƙe. Umar kuwa sace shi aka yi yana yaro, ya ƙetare Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ta faɗa bauta. Ma'aunin da nake jira wani ya kawo shi ne: wa ya zaɓi tafiyar? Haɗa littattafan nan biyu ya kuma nuna irin abokan kwatancin da ya kamata malam ya zaɓa. Gero da dawa suna sa yaro ya ƙura ido. Gero da mota ba sa koyar da komai.

Wani kwatanci ɗaya ne ba na yarda a yi a ajina, na yaro da yaro. "Dubi ƙanwarka ta fi ka" bai taɓa gyara rubutun kowa ba. In za a kwatanta, a ɗauko littafin yaron na zangon farko a ajiye kusa da na yau.

Tarihi na bari a ƙarshe don shi ya fi santsi. Katsina da Maraɗi ba su kai kilomita 100 tsakani ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, har sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadin da aka fara a 1804 ne suka zauna can. Sannan Ingila ta riƙe ɗaya, Faransa ta riƙe ɗaya, aka sami 'yanci a shekara guda, Nijar ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya ranar 1 ga Oktoba. Harshen makaranta, kuɗin kashewa, ikon da aka bar wa sarki: ma'aunai ne masu kyau, kowanne da amsarsa. Santsin shi ne yara suna saurin zamewa zuwa "mu mun fi su", kuma wannan ba ya shiga kowane gida cikin ukun. Idan ya taso, nakan mayar da su kan allo su faɗi fannin, su kawo shaida. Aikin gida kuwa, kowa ya nemi wani a unguwa da ya taɓa ƙetare iyaka, direba ko ɗan kasuwa ko kaka, ya tambaye shi abu uku da ya tarar iri ɗaya da uku da suka bambanta. Wajen duba aikin, rabin makin a gidan farko nake ba da shi.