Allo Ya Ƙi Kamawa? A Duba Waya Kafin a Zargi Kwamfuta

Da yawa daga cikin masu karatu za su tuna da Malam Richard Appiah Akoto, malamin nan na Sekyedumase a yankin Ashanti, wanda a shekarar 2018 hotonsa ya zagaya duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a jikin allo, saboda makarantarsu ba ta da kwamfutar da zai nuna wa yara. Mu malaman makarantun zango ba mu yi mamakin wannan hoto ba, domin mun san halin. Darasin kwamfuta yana cikin tsarin karatu, ana kuma tambayar yara a kansa a jarrabawa, amma makarantar da ta yi sa'a ita ce mai kwamfutar cinya ɗaya ko biyu, wadda allonta bai fi faɗin littafin rajista ba. Aji cike da yara ba zai iya leƙa wannan ɗan allo ba. Dabarar da ta rage ita ce a haɗa ta da babban allo, wato monita, ko talabijin, ko majigi. To, a nan ne ake yawan samun cikas.

Tamu kwamfutar wani tsohon ɗalibi ne ya aiko da ita daga Turai, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da ita Linux ce. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a 1991, ya kuma bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. Daga gare ta aka samu iri-iri, kamar Debian a 1993, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, da Linux Mint a 2006. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11, Linux ta zama mafita ga makarantu irin namu.

Ranar da muka tashi gwada ta a gaban yara, mun jona waya, mun kunna monita, sai ga rubutu yana yawo a baƙin allo: No Signal. Muka cire muka mayar, muka kashe muka kunna, shiru. Kashegari muka kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya ɗan taɓa ta ya ce, "Malam, wannan manhajar taku ce ba ta san monita ba. Ku bari in share ta in sa muku wadda kowa ya sani." Ga shi kuwa makin jarrabawar yara na zangon karatu biyu yana cikinta, ba mu da kwafinsa a ko'ina. Muka ce ya dakata, muka ɗauko kayanmu muka dawo. Abin da muka koya a kwanakin da suka biyo baya shi ne muke so mu raba da 'yan'uwa malamai da iyaye, don kada wani ya yi asarar da muka kusa yi.

A fara daga bango

Doka ta farko ita ce a bi hanyar da hoto ke bi, daki-daki, a fara da abin da ya fi araha. Shin monitan yana samun wuta? Ƙaramar fitilar da ke gabansa za ta nuna. Na biyu, yawancin monitoci da talabijin suna da kafar shiga fiye da ɗaya, kuma ba duka ne ke gane wadda aka jona da kansu ba. Akwai maɓalli mai suna Source ko Input, a danna shi a zaɓi kafar da wayar take ciki. Idan an sa waya a HDMI 2 alhali talabijin yana sauraron HDMI 1, ko shekara za a yi ba za a ga komai ba.

Na uku ita ce wayar kanta. Tsohuwar waya mai shuɗin kai da kusoshi biyu na ɗaurewa ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Tana da allurai 15 a jeri uku, hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. Mai siririn baki ita ce HDMI, wadda ta fito a farkon shekarun 2000, tana ɗaukar hoto da sauti tare. Sababbin kwamfutoci kuma suna da ƙaramar kafar USB-C, sai dai a sani ba kowace kafa irin wannan ce ke fitar da hoto ba, wasu caji da ɗaukar fayil kaɗai suke yi. A gwada wata wayar, a gwada wani monitan, a kuma gwada wata kwamfutar da wannan monita. Abin da aka canza matsala ta gushe, shi ne mai laifi.

A nan muka kama ɓarawonmu na farko. Kwamfutarmu kafar HDMI gare ta, monitanmu kuwa VGA kaɗai ya sani, shi ya sa aka sayo mana adafta. Abin da ba mu sani ba shi ne, waɗannan wayoyi biyu ba harshe ɗaya suke yi ba. HDMI da lambobi take aika hoto, VGA kuwa da hawa da saukar ƙarfin lantarki. Adaftan tafinta ne, kuma tafinta ne mai fassara ta fuska ɗaya tak. Wanda ke karɓa daga HDMI ya ba VGA daban yake da wanda ke karɓa daga VGA ya ba HDMI, ko da yake a ido sun yi kama. Namu na biyun ne aka sayo. Rashin sani ya fi dare duhu. Da muka canza shi, nan take hoto ya fito.

Baƙo sai ya faɗi sunansa

Murna ba ta daɗe ba, domin hoton ya fito a baje, haruffa manya kuma dishi-dishi. Don a gane dalili, sai a san yadda na'urorin biyu ke gaisawa. Kamar yadda baƙon da ya sauka zango yake zuwa gaban mai unguwa ya faɗi sunansa da garinsu kafin a san inda za a sauke shi, haka monita yake gabatar da kansa ga kwamfuta. A cikinsa akwai ɗan taƙaitaccen bayani da ake kira EDID, wanda ƙungiyar masu ƙera kayan hoto ta VESA ta tsara a 1994. Asalin girmansa bayit 128 ne, bai kai cikakken saƙon tes ɗaya ba, amma ya ƙunshi sunan monitan, da yawan ɗigon hoton da yake iya nunawa a faɗi da tsawo, da sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa.

A wayar VGA, allura ta 12 da ta 15 su ne ke ɗauke da wannan gaisuwa. Idan ɗaya ta lanƙwashe, ko wayar mai arha ce da ba a haɗa su ba, hoto zai iya wucewa amma bayanin ba zai iso ba. Kwamfuta kuwa idan ba ta san baƙonta ba, sai ta ba shi ƙaramin awo wanda kusan kowane monita ke ɗauka, kamar 1024 sau 768. Da muka haska kan wayarmu da tocila, sai ga allura ɗaya ta kwanta. Muka kashe wuta, muka miƙe ta a hankali da ɗan hantsaki, muka kaɗe ƙurar hunturu da ta taru a kafar. Hoto ya daidaita tas.

Tambayar kwamfuta da bakinta

Wani alherin Linux shi ne ba ta ɓoye abin da take gani. A Ubuntu da Linux Mint, idan aka danna Ctrl da Alt da T tare, taga za ta buɗe inda ake rubuta umarni. A rubuta xrandr a danna Enter. Za ta jero kafofin hoto duka. Allon jikin kwamfuta yakan fito da suna eDP-1, ko LVDS-1 a tsofaffi, na waje kuma HDMI-1, ko VGA-1, ko DP-1, da ɗan bambancin rubutu daga na'ura zuwa na'ura. A gaban kowanne akwai kalma ɗaya, connected idan ta ga an jona, disconnected idan ba ta gani ba. Wani umarnin da ke ba da wannan amsa shi ne grep . /sys/class/drm/*/status.

Wannan kalma ɗaya ita ce ke raba gardama. In ta ce ba ta ga komai ba alhali waya tana ciki, a koma kan waya da adafta da kafa. In ta ce ta gani amma allo yana baƙi, to sauran aikin na saiti ne, kuma ba ya cin ko sisi.

A shiga wurin saitin allo, wato Displays. Akwai zaɓi biyu da ke ruɗa mutane. Ɗaya shi ne madubi, inda allon biyu ke nuna abu ɗaya, shi ne kuma ya dace da aji. Ɗayan shi ne ƙari, inda monita ke zama ci gaban teburin aiki ta gefe guda. Mun san malamin da ya ga hoton bango kawai a talabijin ya ɗauka abin ya lalace, alhali da ya ja linzami zuwa gefe da ya gan shi ya ɓullo a can. Hanya mafi sauri ita ce a riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows, wanda masu Linux ke kira Super, a danna P, zai riƙa zagaya zaɓuɓɓukan. Mai son umarni kuma yana iya rubuta xrandr --output HDMI-1 --auto --same-as eDP-1, ya sa sunayen da tasa na'urar ta nuna. Sai dai wannan umarni a tsohon tsarin nuna hoto na X11 yake aiki. Tun 2021 Ubuntu ta koma sabon tsari mai suna Wayland, a can sai dai a bi ta wurin saiti. Umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE zai faɗi wanda ake kai.

Idan monita ya rubuta Out of Range, yana nufin an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. A rage awon zuwa 1280 sau 720 ko 1024 sau 768, a kuma bar sabuntawa a 60. Kada a ji tsoron gwaji, domin in ba a amince da sabon saiti ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi kwamfuta takan koma na da. Idan talabijin ya yanke gefen hoto, gyaran yana cikin saitin talabijin, wasu na kiransa Just Scan, wasu Screen Fit. Idan kuma murya ta ɓace bayan an jona HDMI, sau da yawa an tura ta ne zuwa monitan da ba shi da lasifika, sai a dawo da ita a wurin saitin sauti.

Inda laifin manhaja ne

Ba za mu ce Linux ba ta taɓa laifi ba. Wasu kwamfutocin suna da injin hoto biyu, ɗaya na Intel ɗaya na Nvidia, kuma a wasunsu kafar HDMI da na Nvidia take haɗe. Idan ba a sa masa direbansa ba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, kafar tana iya yin shiru ko da waya lafiya lau take. Umarnin lspci zai jero kayan cikin na'ura a ga ko akwai shi. A Ubuntu ana sa direban a wurin da ake kira Additional Drivers, a Linux Mint kuma Driver Manager, sannan a sake kunnawa. Akwai kuma gwajin da ba ya taɓa komai: a tayar da kwamfuta daga filashin da aka sa wa Linux, ba tare da an girka ta ba. In monita ya kama a haka, kayan ƙarfe lafiya suke, saitin cikin ne ya karkace, kuma ana gyara shi ba tare da share komai ba.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya buɗe bayan monita, musamman tsofaffin nan masu ƙaton ƙeya, domin suna riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare fulogi. Kuma kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara, a kwashe fayiloli a filashi. Mu dai tun daga ranar, duk Juma'a sai mun kwafe makin yara a wuri biyu.

Kiranmu ga kwamitin iyaye da malamai shi ne, in za a sayo waya ko adafta, a ɗauki hoton kafar kwamfuta da ta monita a nuna wa mai shago, a faɗa masa wacce ke aikawa wacce ke karɓa, a kuma gwada kafin a biya. Ga 'yan'uwanmu na ƙetare masu aiko da na'urori, muna godiya, muna kuma roƙon su haɗa da wayar da ta dace. Mun rubuta matakan nan a kwali mun manna kusa da monita, yanzu yaran aji ne da kansu ke bi in hoto ya ɓace: wuta, kafar shiga, waya, tambayar kwamfuta, saiti. Makon jiya wata yarinya ce daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba a danna Source ba." Gaskiyarta kuwa.