Kasuwar Da Tsadar Albasa Ta Haifa

Uwargida, ko kin san akwai kasuwar da tsadar albasa ce sanadin kafa ta? Ita ce kasuwar Pike Place da ke birnin Seattle a arewa maso yammacin Amurka, wadda ke zaune bisa tudu tana kallon bakin teku.

Tsakanin 1906 da 1907 farashin albasa ya ninka kusan sau goma a birnin. Dillalai ne ke karɓar kaya a hannun manoma da araha, su sayar wa jama'a da ɗan karen tsada. Da koke ya yi yawa, sai wani kansila mai suna Thomas Revelle ya kawo shawarar a ware wurin da manomi zai haɗu da mai saye, babu ɗan tsakiya. Ranar 17 ga Agusta, 1907 aka buɗe kasuwar. Manoman da suka zo da amalankensu ba su wuce goma ba, kuma kafin rana ta take tsaka kayansu sun ƙare ƙaf.

Sai dai kasuwar ta ga tasku. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta kwashe 'yan asalin Japan zuwa sansanonin tsarewa, alhali su ne mafi yawan manoman da ke kasa kaya a ciki. Daga baya aka shirya rushe ta domin gina otal da ofisoshi. Wani masanin zanen gine-gine, Victor Steinbrueck, ya jagoranci masu cewa ba za ta saɓu ba, kuma a 1971 mutanen gari suka jefa ƙuri'ar a bar ta.

Idan Allah Ya kai ki, ki yi sammako kafin cunkoso. Za ki ga masu kifi suna cilla wa juna manyan kifaye ana cafewa, ga furanni, zuma da kayan lambu ɗanyu shar. Kifi dai ba shi da matsala, amma dafaffen abinci ki tambaya tukuna, domin ana sayar da naman alade.

Kada ki tsaya a rumfuna kawai. A harabar akwai asibitin sha-ka-tafi, makarantar yara ƙanana, wurin raba abinci ga mabuƙata da gidajen haya masu rahusa. Kasuwar da aka kafa domin tukunyar talaka, har yau ba ta manta da shi ba.